Yadda Mai Shagon Ɗinki Zai Riƙe Ƙwazonsa Da Na Yaransa A Lokacin Ɗinkin Sallah

Ɗinkin Sallah shi yake nuna wane irin maigida ne kai. A sauran watanni shago kusan da kansa yake tafiya: ɗinkin biki ya shigo, na suna ya shigo, iyaye su kawo yunifom ɗin 'yan makaranta, kowa ya yi abin da ya sawwaƙa ya tafi gida. Amma da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, mutane suka fara fitowa daga Kantin Kwari da ledojin shadda da yadi da atamfa, to aikin wata uku ne zai haɗu a wata guda, kuma da bakin azumi za a yi shi. A nan ne za ka ga telan da ya fi kowa hannu ya fara zuwa da rana tsaka, wani ya ce an aike shi ƙauye, kai kanka ka wayi gari ba ka ƙaunar jin ƙarar wayarka.

Wannan bayani na wanda bai daɗe da buɗe shagonsa ba ne, yana da teloli uku ko biyar da 'yan koyo a ƙarƙashinsa. Da “kai” na rubuta, amma matan da ke riƙe da shagunan ɗinki, a cikin gida ko a bakin titi, duk abin ya shafe su. Na daɗe a sana'ar nan, kuma abin da na tabbatar shi ne ƙwazon ma'aikaci a kan abu uku yake tsaye: ya san iyakar aikin da ke gabansa, ya san abin da zai samu da ranar da zai same shi, sannan ya ga maigidansa bai rikice ba.

Kayan da za ka tanada

Littafi biyu. Na farko na kwastomomi ne: suna, awo, irin ɗinkin, kafin alƙalamin da aka bayar, cikon da ya rage, da ranar karɓa. Na biyu na ma'aikata ne, kowa da shafinsa, inda za a riƙa rubuta abin da ya ɗinka da abin da ya karɓa. Kada ka haɗa su wuri guda, domin yaro yana da haƙƙin ya buɗe shafinsa ya duba duk lokacin da ya so, ba tare da ya leƙa sirrin kwastoma ba.

Allo da alli, a rataye inda kowa zai gani. In babu allo, kwalin da aka manna wa farar takarda ya isa. Sai kalanda mai kwanan watan Musulunci, da wani wuri dabam na ajiye kuɗin ma'aikata, ko akwati mai makulli ko asusun banki na biyu.

Sai kayan keke: allurai, kwarkwaro, bel, man keke, zare na launukan da aka fi kawowa, gam, botin da zif. Saye su tun kafin azumi, lokacin da ba su yi tsada ba kuma kana da sararin shiga kasuwa. A kira makaniki ya duba kowane keke, a wasa almakasai. A tanadi fitilun caji, dutsen guga na gawayi, da keken ƙafa ko da guda ɗaya ne, irin su Butterfly ko Singer, saboda ranar da wuta za ta ƙi zuwa. A ƙara da tabarma, buta, fanka, da kula ko randar ruwan sanyi don buɗa baki.

Wani zai ce me ya haɗa bel da kwarkwaro da maganar ƙwazo. Babu abin da yake kashe wa tela jiki kamar ya zo da kuzarinsa bayan Asuba, ya zauna a kan keke, a ce zaren ya ƙare sai kasuwa ta buɗe.

Mataki na 1: Auna ƙarfin shagonka kafin ka karɓi yadi ko ɗaya

Yawancin rikicin daren Sallah tun a Sha'aban ake shuka shi, ranar da maigida ya ji kunyar cewa a'a.

Ɗauko littafin bara ka ga abin da aka iya gamawa. In ba ka da shi, yi mako guda kana lura da abin da kowane tela yake kammalawa a yini. A ce kana da teloli 4, kowanne yana fitar da kaftani da wando 2 a rana, kuma kuna da kwana 25 na aiki: ɗinki 200 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗauke wuta, rashin lafiya, da kayan da za a dawo da su gyara. Saura 160. Wannan shi ne adadinka, ka rubuta shi a saman allo. Babbar riga mai aiki ka lissafa ta a madadin ɗinki uku ko fiye. Kayan yara kuma kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka, wuya da aljihu da hannu duk sai an yi musu kamar na manya. Ka kuma tuna akwai aikin da ba a hannunka yake ba: mai aikin wuya na kwamfuta, mai surfani, masu bugu, kowannensu da nasa layin. Je ka same su tun yanzu ku daidaita kwana nawa kaya za su riƙa yi a wurinsu.

Lissafa azumi 29, kada ka lissafa 30. Sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi tana iya zuwa a daren da aka kai azumi na 29, gari ya waye Sallah. Saboda haka ka tsara a gama komai ranar 27 ga wata, kwana biyun da suka rage na gyare-gyare ne da miƙa kaya.

Daga cikin adadin nan ware gurbi kamar goma ka ɓoye, domin akwai waɗanda ba za ka iya mayarwa ba: surukinka, limamin unguwa, tsohon kwastoman da ya riƙe ka tun kana ɗinki a soro. Da adadi ya cika, ka rufe karɓa. Faɗi da ladabi: “Alhaji, ka yi haƙuri, na cika. In na karɓa zan ba ka kunya. Amma ga shagon wane, hannunsa yana da kyau.” Yaron da yake ganin tulin kaya yana raguwa kullum, ƙarfi yake ƙara samu. Wanda kuwa yake ɗinki dare da rana tulin yana ƙaruwa, zuciyarsa mutuwa take yi, kuma babu lallashin da zai farfaɗo da ita.

Mataki na 2: Zauna da yaranka kafin a ga watan azumi

Zaɓi wata rana bayan La'asar, a kashe kekuna, a sayo ɗan abin taɓawa. Gaya musu adadin da aka karɓa ko za a karɓa, ranar rufewa, nawa kowa zai samu a kan kowane ɗinki, wace rana za a riƙa biya, wa zai ɗauki nauyin buɗa baki da sahur ga masu aikin dare, da abin da za ka bayar na goron Sallah in an gama lafiya. Rubuta a littafi, ka karanta musu a fili. Abin da ba ka da tabbacin za ka iya, kada ka ambace shi ko da wasa, domin maganar da ka yi a Sha'aban kana dariya, yaro yana riƙe da ita har daren Sallah.

Daga nan ka yi tambaya guda: “Me ya fi wahalar da ku bara?” Sai ka yi shiru ka saurara. Manya za su yi magana, ƙananan ba za su buɗe baki a gaban yayyensu ba, don haka su ka same su ɗaya bayan ɗaya daga baya. Sau da yawa abin da za ka ji ƙarami ne: kujerar da ke sa ciwon baya, fitilar da ba ta kai kusurwar wane, kuɗin motar komawa gida da dare. Gyara ko da guda biyu ne a cikin makon, su ga maganarsu ta yi aiki.

Akwai batun da masu shago da yawa suke kauce wa: ɗinkin gefe. Kusan kowane tela yana da 'yan'uwa da abokai da suke ba shi nasu kayan. In ka hana gaba ɗaya, a ɓoye za a yi, da zarenka da man janaretonka. Gara ku yi magana a fili, ka ware musu lokaci, misali yammacin Juma'a, da sharaɗin kowa ya zo da zarensa kuma aikin shago ne a gaba.

Mataki na 3: Ba kowa aikin da hannunsa ya fi faɗawa

Yanka kai za ka riƙe, ko babban telanka, saboda kuskuren almakashi ba ya warwaruwa. Wanda ya ƙware a wuya da kwala a bar masa su, mai saurin wando a tara masa wanduna. 'Yan koyo su ɗauki wibin (ɗaure bakin yadi da inji don kada ya zare), ƙofar botin, sa botin, cire zare, guga da ninkewa. Sai dai kada yaro ya ƙare wata guda cur yana tsinke zare. Ba kowane ɗan koyo wani abu sabo da zai iya nunawa a gida, ko da wandon yara ne ya haɗa daga farko har ƙarshe a ƙarƙashin idon babba. Koyo ya kawo shi, kuma ranar da ya ji ya daina ƙaruwa ranar zai fara duban ƙofa.

A kan allo rubuta aikin yau kawai, da sunan mai yi. Wanda ya gama, shi da hannunsa zai je ya ja layi a kai. In ku biyu ne ko uku a shagon, rarraba ɗinki guda gida-gida ba zai yi amfani ba. Kowa ya ɗauki nasa ya kai shi ƙarshe, amma dai a rubuta a allon.

Mataki na 4: Tsara lokaci bisa azumi da wuta

Mai azumi yana da ƙarfi sau biyu a yini: daga bayan Asuba zuwa kusan Azahar, da kuma bayan Asham. Yanka da duk aikin da yake son natsuwa a yi shi da safe. Tsakanin Azahar da La'asar a shimfiɗa tabarma a kwanta, musamman shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato yake haura maki 40. Mutumin da aka tilasta wa zama kan keke a wannan lokaci, abin da ya ɗinka sai an farke shi da dare. Aikin dare kuma a sa masa iyaka, a ce ƙarfe ɗaya an tashi. Kwana a zaune a bar shi sai in ya zama dole a kwanakin ƙarshe, shi ma a yi karɓa-karɓa. In an kira sallah, kai za ka fara miƙewa.

Lura da sa'o'in da aka saba kawo wuta a unguwarku, ka tara wibin da guga da aikin manyan injuna a lokacin. Aikin hannu ya jira lokacin da aka ɗauke. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuma daga Afrilu 2024 waɗanda ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, suka koma biyan kuɗin wuta mai yawa. Saboda haka janareto a sa masa sa'o'in da kowa ya sani, a shirya kayan aikin kafin a tayar da shi. Kuma a waje za a ajiye shi, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, ga shi yaranka a cikin shagon suke kishingiɗa.

Yara ƙanana da 'yan mata su koma gida kafin Magariba, sai in ka yi magana da iyayensu an amince kuma ka san yadda za su isa gida. Abu na ƙarshe a nan, kuma ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci: ka sa ido a kan ƙwayoyin hana barci da ƙara ƙarfi, irin su tiramadol. Matasa da yawa a lokacin ɗinkin Sallah suka fara, don su iya kwana a kan keke, daga nan abin ya zame musu jaraba. In aikin shagonka ba zai yiwu ba sai da ƙwaya, to aikin ne ya yi yawa, koma mataki na farko.

Mataki na 5: Biya a ranar da ka ce

Ibn Majah ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A sana'armu wannan ya fi kowace dabara aiki.

Ga yadda ake yi. Duk kafin alƙalamin da ya shigo, a take ka cire rabon mai ɗinki ka jefa a wancan akwati ko asusun, ka ɗauka ba kuɗinka ba ne. Babban kuskuren sababbin masu shago shi ne su ga kuɗi sun taru a farkon azumi, su yi cefanen gida, su sayi kayan Sallar iyali, suna cewa ai ciko yana tafe. Ciko kuwa ba ya zuwa sai ranar karɓar kaya, wani ma sai bayan Sallah, wani har abada. Sai a kai goman tsakiya aljihun maigida babu komai, yara suna ɗinki suna ƙunƙuni.

Sa rana guda a mako, ni na fi son yammacin Alhamis, don kowa ya shiga Juma'a da ɗan abu a hannu. Kira mutum shi kaɗai, ku buɗe shafinsa, ku ƙirga tare, ka ba shi, ya sa hannu. Ka san lambar asusun kowa tun da wuri. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin canjin naira, ya koya mana cewa tsabar kuɗi tana iya ɓacewa rana tsaka. In ta tiransifa ka biya, ka ƙara masa kuɗin cirewa a wurin mai POS.

In mako ya zo kuɗi ba su cika ba, kada ka jira sai sun zo sun tsaya a kanka, kuma kada ka ɓace. Tun ranar Laraba ka tara su ka faɗi gaskiya: ga abin da ke hannu, ga ranar da za a cika. Fara sallamar ƙananan da masu iyali, kai ka zama na ƙarshe. Ma'aikaci yana iya haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi. Ɓoye-ɓoye ne ba ya yafewa.

Game da adadin, ka riƙa waiwayar kasuwa. A Yuli 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar ba ta hau kan ƙaramin wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu karɓar kuɗi bisa abin da suka ɗinka, amma yaranka sun ji adadin a rediyo, kuma a kasuwa ɗaya suke sayen masara da kowa. In ka ƙara wa kwastoma kuɗin ɗinki, rabon tela ma ya motsa.

Goron Sallah ka bayar da shi kwana uku kafin Sallah, lokacin da zai yi musu amfani. Sannan ga abin da ake yawan mantawa: kayan Sallar yaran shago. Abin takaici ne yaro ya ɗinka wa rabin unguwa, ya je Idi da tsohuwar riga. Ware yini guda a goman farko a ɗinka nasu, a goge, a rataye da sunan kowa. In kana da hali ka sayo yadi iri ɗaya ka raba musu. In babu, kowa ya kawo nasa a ɗinka masa kyauta.

Mataki na 6: Gyara kuskure ba tare da ka karya mutum ba

Za a yi ɓarna, wannan babu makawa. Za a ƙona shadda da dutsen guga, za a juya hannun riga, za a sa aljihu a karkace. Ranar da aka ɓata gezna mai tsada, jinin kowa zai hau. Kada ka yi magana a minti na farko. Ɗauki kayan ka duba ko za su gyaru: sau da yawa ragowar yadi, ko ɗan aikin wuya da aka faɗaɗa, yana rufe ɓarnar. Sannan ka ja yaron gefe, ka tambaye shi yadda aka yi, ka nuna masa da hannunka, ka bar shi ya sake da kansa. In gajiya ce ta jawo, tura shi ya kwanta.

Zagin iyaye da duka da tef ko rula, a bar su gaba ɗaya. Wasu suna cewa ai haka aka koya mana. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko “uf” ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Yaron da ake tsorata shi, ɓoye kuskure yake koya, sai ka gan shi a jikin kwastoma ranar karɓa. Maganar cire asara daga kuɗin ma'aikaci kuma, in ba ku yi yarjejeniya a kanta tun zaman Sha'aban ba, kada ka ƙirƙiro ta cikin fushi. Ɗan koyo dai ba a cire masa, asararsa tana cikin kuɗin koyarwa da ka ɗauka wa kanka.

Yabo kuwa a gaban kowa ake yin sa, kuma a faɗi abin da aka yaba. “Sannu da ƙoƙari” kowa yana ji. Amma ka ɗaga riga ka ce, “Ku zo ku ga yadda kwalar nan ta zauna, babu ko tattara,” wannan yaro zai kwana da shi. In kwastoma ya yaba ɗinki, kira wanda ya yi ka ce, “Ga mai aikin nan.” Sai dai ka guji auna wani da wani, irin “dubi wane, kai me kake yi?” Gaba kawai yake haifarwa tsakanin mutanen da za su kwana ɗaki ɗaya.

Mataki na 7: Tsaya tsakanin yaranka da kwastoma

Kai kaɗai za ka riƙa amsa maganar “an gama?” Kada kwastoma ya shigo ya tsaya a kan tela yana masa faɗa, tare shi a ƙofa, ka ba shi wurin zama, laifin shago naka ne. In ka ga kaya ba za su fita ranar da aka ce ba, kai ka fara kira kafin a kira ka. Kuma kada ka sa yaro ya ce “Oga ba ya nan” alhali kana ciki, ga shi da azumi a bakinsa. Ranar da ka sa shi ya yi wa wani ƙarya dominka, ka ba shi izinin ya yi maka.

Mataki na 8: Kula da kanka

Fuskarka yara suke fara dubawa da safe. In ka shigo a murtuke, shagon haka zai yini. To kai kuma wa zai ƙarfafa ka?

Fara da jiki. Barcin awa biyar zuwa shida a kwana, ko da a rarrabe ne, wani da dare wani bayan Azahar. Sahur na gaske, ba shayi kaɗai ba, da ruwa mai yawa tsakanin Magariba da Asuba. Duk bayan awa guda ka miƙe daga keke, ka ɗaga ido ka dubi nesa. Rabin abin da muke kira mutuwar zuciya a goman ƙarshe, rashin barci ne kawai.

Na biyu, saki wasu abubuwa. Ba babban telanka makullin shago da ikon raba zare da duba aikin ƙananan. Ba wani yaro mai amana aikin kai kaya wurin masu bugu da karɓowa. Maigidan da ya ce komai sai ta hannunsa, kafin azumi ya kai ashirin ya zube, kuma manyan yaransa suna jin an raina su.

Na uku, kowane dare kafin ka rufe ka ƙirga abin da aka gama, ka rage shi daga adadin da ke saman allo. Ka fara da abin da ya fita kafin ka dubi abin da ya rage. Ka kuma rage leƙen ɗinkin wasu a TikTok da Instagram cikin watan nan. Abin da suka ga dama suke nunawa, ba ka ganin tulin da ke bayan kyamararsu. Wayar ma ka sa mata lokacin amsawa, sauran lokaci ta yi shiru.

Na huɗu, ka samu wanda za ka faɗa wa damuwarka, amma ba yaranka ba. Maigidan da ya yaye ka, ko wani abokin sana'a da ya girme ka, ya ga irin wannan wata sau da yawa. Iyalinka ma ka sanar da su tun farko yadda watan zai kasance, kuma ka yi ƙoƙari ka riƙa buɗa baki a gida ko da sau biyu ne a mako.

Sannan ka ware wa kanka ɗinki guda da za ka yi daga yanka har guga, a natse, irin wanda ya sa ka ƙaunaci sana'ar tun farko. Mai shago yana iya nutsewa cikin lissafi da amsa waya har ya manta shi tela ne. Kuma ka riƙa tuna wa kake yi wa aikin: akwai uban da ya yi wata biyu yana tara kuɗin yadin 'ya'yansa, akwai marayan da wani ya ɗinka wa don kada ya ga bambanci ranar Idi. Suturta mutane kake yi. Kada kuma ɗinki ya cinye maka goman ƙarshe ɗungurungum. Wanda ya rufe karɓa da wuri yana samun rabonsa na Tahajjud, shi da yaransa.

Mataki na 9: In wani ya yi sanyi, ko ya tafi

Wanda ka san shi da ƙwazo ya fara latti ko shiru, kada ka fara da zargi. Ja shi gefe bayan buɗa baki: “Wane, lafiya kuwa? Na ga kwana biyu ba ka da walwala.” Sau da yawa rashin lafiya ce a gida, ko bashi, ko wani babba a shagon yake takura masa. Abin da za ka iya, ka yi. Ɗan rance daga kuɗinsa na gaba, ko hutun yini guda, ya fi maka sauƙi a kan rasa shi. In kuwa lalaci ne tsagwaronsa, gaya masa a fili abin da kake so ya canza da ranar da za ku sake zama. Ƙyale malalaci yana karɓar daidai da masu wahala, su ma zai sanyaya musu jiki.

In wani ya tafi ana tsakiyar aiki, musamman in wani shago ne ya ja shi da ƙarin kuɗi, kada ka zauna kana aibata shi a gaban sauran. Biya shi abin da ya ɗinka, ku rabu lafiya. Rabonsa na aiki kuma kada ka jibga wa waɗanda suka rage. A hadisin Abu Zarri da Buhari ya kawo, an hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a taya su. Hau keken da kanka, ko ka kai wasu kayan shagon abokin da ka yarda da hannunsa ku raba kuɗin, ko ka kira masu kayan da ba su matsu ba ka nemi su ɗaga maka zuwa bayan Sallah tun suna da sauran lokacin yanke shawara.

Mataki na 10: Bayan Sallah

Rufe shago kwana uku zuwa biyar, hutu na gaske, ba wanda za a kira ya zo ya gyara wando. In da hali ka zagaya gidajen ƙananan yaran ka gaishe da iyayensu, ka gaya musu ɗansu ya yi ƙoƙari. Ranar da aka dawo, kafin a taɓa keke, ku zauna da littattafan nan biyu: nawa aka karɓa, nawa suka fita a kan lokaci, a ina aka maƙale, wa yake bin shago ko sisi ne a sallame shi. Ɗan koyon da ya nuna hannu a ɗaga shi zuwa aikin gaba, wanda ya isa yaye a fara maganar ranar da keken da za a haɗa masa. Adadin da ya fita lafiya a wannan karo ka rubuta shi a shafin farko na sabon littafi, domin tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah wata biyu ne da kusan kwana goma, kuma masu kawo shaddar layya sukan fara shigowa tun Shawwal bai ƙare ba.